Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Halin Injin Dizal Don Rage Shan Mai da Hayaƙi

A Janairun 2024 litar dizal a nan Saudiyya ta tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.15. Shekara na zagayowa ta koma 1.66. Mu da muke cin abinci a jikin janareto a Jidda mun ji canjin a bakin masu kaya tun kafin mu gan shi a takarda. Da can mutum zai tambaye ka, "Yana tashi?" Yanzu kuwa sai ya ce, "Lita nawa yake sha a awa?" Wannan tambayar ce ta tura ni harkar koyon na'ura: ka tara alƙaluman injin, ka ba kwamfuta, ta gano da kanta yadda lodi da zafi da saiti suke juya shan mai da hayaƙi. Abin da ta gano shi muke kira samfuri. Tagwayen injin ne a cikin kwamfuta, ka tambaye shi "in na yi kaza me zai faru?" ya ba ka amsa ba ka ƙona ko lita ɗaya ba.

Na yi wannan aiki a kan janareto manya da ƙanana, kuma gara in gaya maka tun yanzu, ɗan'uwa: mafi yawan aikin ba a gaban allo yake ba. Yana bayan injin, cikin zafi da ƙara, da sikeli da agogo a hannu. Duk ƙwarewar kwamfuta, abin da ka auna shi za ta mayar maka.

Kayan aiki

Injin kansa, wanda za a bar maka na kwana uku aƙalla, da izinin mai shi a rubuce.

Akwatin lodi, wato tarin hita da fanka da ake jona wa janareto don a ɗora masa nauyin da ake so daidai. Ana samun hayarsa a sana'iyya, wato unguwar masana'antu da gareji. In babu, yi da lodin wurin: ka raba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da fanfunan ruwa da fitilu rukuni-rukuni, kana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai lodin mukayyif rawa yake yi, yana kamawa yana saki, don haka dole ka tsawaita lokacin kowane awo.

Sikeli mai lamba da zai ɗauki kilo 60 kuma ya nuna bambancin giram 10, da jarka mai tsabta, da tiyo biyu, da agogon wayarka.

Na'urar auna iskar salansa, irin su Testo 350, mai karanta iskar oksijin da CO, iskar guba marar wari, da NO da NO2, waɗanda a haɗe ake kira NOx. Tana da tsada, yawancinmu haya muke yi. In ta gagara, gina samfurin shan mai kaɗai, shi ma akwai kuɗi a cikinsa. Kada ka kwaso alƙaluman hayaƙi na injin wani daga intanet ka liƙa wa naka.

Ma'aunin duhun hayaƙi. Madadinsa shi ne fanfon hannu da farar takardar tacewa: ka zuƙo hayaƙi adadi ɗaya kowane karo, ka jera takardun, ka ɗauki hotonsu a haske iri ɗaya. Zai nuna maka wanne ya fi wanne baƙi, ko da bai ba ka lamba tsayayya ba.

Wayar auna zafi nau'in K don salansa, da ƙaramin ma'aunin zafin gari da laima da matsin iska.

Kwamfutar tafi-da-gidanka kowace iri. Manhajojin aikin, Python da pandas da scikit-learn, duk kyauta ne. In kwamfutar ta tsufa, buɗe shafin Google Colab a intanet ka yi aikin a can.

Sai kayan kariya: abin toshe kunne, safar hannu, tukunyar kashe gobara, da ƙararrawar CO in wurin rufaffe ne. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da suke jawo daji ga ɗan Adam. Ka tsaya ta inda iska take fitowa, ba inda take zuwa ba.

1. Tsayar da tambayarka

Ilimin da kake buƙata bai da yawa. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. In wutar ta ci da wuri kuma da zafi, injin zai yi tsimin mai, hayaƙi ya washe, amma da zarar zafin harshen wutar ya haura kimanin digiri 1,500 sai naitirojin da oksijin na cikin iska su fara haɗuwa, su zama NOx, iskar da ba ka ganinta amma tana cin huhu. In ka jinkirta feshin ko ka sanyaya wutar, NOx zai sauka, kunkunniya da shan mai su hau. Duk wahalar aikin a nan take, kada garin neman gira a rasa ido.

Ɗauki takarda ka raba ta uku. Gida na farko, abin da hannunka yake iya juyawa: lodi, yawan janareton da za a kunna tare, taimin, wato lokacin feshin mai, in fanfon mai na ƙarfe ne irin na da, da irin man in kana gwada gauraye. Gida na biyu, abin da gari ya kawo: zafi, laima, matsin iska, yadda ƙura ta toshe filta. Gida na uku, abin da kake nema: shan mai, NOx, CO, duhun hayaƙi, zafin salansa.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su sa zafin salansa a cikin abin da ake ba samfuri. Zai sa hasashen NOx ya yi kyau ƙwarai, amma ba shi da amfani, domin zafin salansa sakamako ne, ba ka da makunnin da za ka murɗa ka saita shi. Bar shi a gida na uku.

Gudun injin ma ba ya cikin lissafi in janareto ne. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, saboda haka yawancin injinan nan a kan juyi 1,800 a minti suke tsaye. Wanda ya saba da na gida Najeriya ko Nijar, masu 50 Hz da juyi 1,500, ya kula kada ya ɗauko takardar kamfani ta wancan gudun ya riƙa kwatantawa da ita.

2. Gyara injin tukuna

Canja filtar iska da ta mai, duba nozul, wanke lagireto, yi juyen baƙin mai in lokacinsa ya yi. In ka auna injin mara lafiya, ciwon nasa samfurin zai koya. Daga baya, in kana son sanin illar ƙura, ka ajiye tsohuwar filtar ka mayar da ita da gangan na yini ɗaya, ka rubuta hakan.

3. Tsara gwajin

Ƙa'idar ISO 8178 tana da zagayen gwaji mai suna D2 don injin mai gudu ɗaya: lodi kashi 100, 75, 50, 25 da 10 cikin ɗari. Fara da waɗannan biyar, ka ƙara 40, 60, 85 da 90 don cike giɓi. Tara ke nan. Maimaita su sau uku a yini: bayan Asuba, tsakanin Azahar da La'asar, da bayan Isha. Ta haka gari da kansa zai ba ka zafi da laima iri-iri kyauta. Kwana uku, layi 81. Ya isa a fara.

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga sha biyu zuwa uku na rana. In injin a fili yake, matsar da awon tsakiya zuwa bayan uku, zafin yana nan bai tafi ba.

Kada ka bi lodin a jere daga ƙarami zuwa babba kullum. In ka yi haka, babban lodi zai riƙa faɗowa lokacin da injin ya fi ɗaukar zafi, samfurin ya kasa rabe wanne ne aikin lodi, wanne ne aikin zafi. Ni rubuta lambobin nake yi a 'yan takardu, in zuba a hula, in riƙa zarowa. In abin da kake juyawa ya haura uku, bar hula, ka sa LatinHypercube na cikin manhajar scipy ya warwatsa maka wuraren gwajin.

Abu ɗaya kada ka bari ya wuce ka: auna lodin kashi 50 a farkon kowane zama da ƙarshensa. Bambancin da ka gani tsakanin waɗannan awon shi ne girman kuskuren hannunka da kayanka. Za mu dawo kansa.

4. Awon mai

A nan ne ake cin aikin ko a faɗi, don haka bari in daɗe.

Ɗora jarka a kan sikeli, a ƙasa mai daidai, nesa da girgizar injin. Ko da katako ne ka shimfiɗa masa daban. Cire tiyon da yake jan mai daga tanki ka sa a jarkar. Sannan, kuma wannan shi ne abin, cire tiyon da yake dawo da mai shi ma ka sa a cikin jarkar. Injin dizal ba ya ƙona duk man da ya ja. Wani kaso yana zagayawa ya sanyaya fanfo da nozul ya koma tanki.

Ranar da na fara wannan aiki na bar tiyon dawowa a babban tanki. Lambobin suka nuna injin yana shan abin da hankali ba zai ɗauka ba, na zauna ina buga lissafi a waya ina maimaitawa. Wani dattijon makanike a warshar, wato garejin gyara, haifaffen Makka ne amma Hausarsa ta Kano ce tsantsa, ya zo ya tsaya a kaina, ya dubi jarkar, ya bi tiyon da ido har ƙarshensa.

"Muhandis, man da yake dawowa, ina yake zuwa?"

"Tanki, Baba."

"To sikelinka ya san da haka?"

Awon yini guda ya tafi. Amma tun daga ranar, kafin in kunna injin sai na kama tiyo biyun nan da hannuna na tabbatar duk suna cikin jarka, kuma ba su jingina da bakinta suna danna sikelin ba. Ka rataye su daga sama, su shiga man ba tare da sun taɓa gindi ba.

Bayan ka sauya lodi, jira zafin ruwa da na salansa su daina motsi, yawanci minti goma. Sannan ka karanta sikeli, ka danna agogo. A babban lodi minti biyar ya isa, a ƙarami ka kai goma ko sha biyar, domin man da yake sauka kaɗan ne, ƙaramin kuskure sai ya yi girma.

Ga lissafin. A ce allon janareto yana nuna kilowat 150, sikeli ya sauka da kilo 2.75 cikin minti biyar. Sau goma sha biyu, kilo 33 a awa. Raba da 150, ka sami giram 220 a kowane kilowat na awa ɗaya. Lafiyayyen babban janareto a lodin kashi 75 a nan kusa yake yawo. In ka ga 120 ko 500 a wannan lodin, laifin awo ne, ba injin ba. In mai kaya lita yake so, litar dizal tana da nauyin tsakanin giram 820 da 845. Auna naka da kwalbar lita ɗaya, kada ka ƙiyasta. Ka riƙa aiki da kilo, ka bar lita sai ranar rahoto, domin lita tana kumbura da zafi, kilo ba ya yi.

Man da yake dawowa da zafi yake dawowa, kuma jarka ƙarama ce. Sa hannu a jikinta lokaci-lokaci. In ta yi ɗumi sosai, ƙara sabon mai tsakanin awo, ka rubuta zafin man a kowane layi.

Sababbin injina masu kwamfuta suna nuna shan mai a allon janareto, irin na kamfanin Deep Sea ko ComAp, kuma ana iya zuƙo dubban layuka daga can. Wannan lambar ƙiyasi ne da kwamfutar injin ta yi daga tsawon lokacin da nozul yake buɗe, ba awo ba ne. In nozul ya ci, ƙiyasin zai kauce bai sani ba. Yi amfani da ita bayan ka gwada ta da sikeli a lodi biyar ka ga tazararsu. Layi 81 na sikeli sun fi mini layi dubu ɗari da ba a tantance ba.

5. Awon hayaƙi

Kunna na'urar a iska mai tsabta, nesa da injin, ta saita sifilinta. Duba ranar da aka tantance ta a jikin takardarta, domin ƙwayoyin da suke jin iskar suna tsufa. Zura bakin awon can ciki, a tsakiyar bututun, ba a bakin salansa ba inda iskar waje take kutsowa. Zubar da ruwan da yake taruwa a matattarar na'urar akai-akai, musamman a laimar Jidda. Tsakanin awo da awo ka zare ta ta shaƙi iska mai kyau.

Kullum rubuta oksijin tare da NOx. Injin dizal a ƙaramin lodi yana fitar da iska mai yawa da ba ta ƙone ba, sai ta tsinka hayaƙin kamar an ƙara wa koko ruwa, lambar ta yi ƙasa alhali ba tsabta aka samu ba. Don a kwatanta daidai, ana mayar da duk awon kan oksijin ɗaya. Takardun janareto da yawa suna amfani da kashi 5. Cire 5 daga 20.9, wato kason oksijin a iskar gari, cire oksijin ɗin da ka auna daga 20.9, raba na farko da na biyu, ka ninka da awonka. In ka karanta NOx 800 a oksijin kashi 10, to 15.9 a raba da 10.9 a ninka da 800, ya zama 1,167.

In oksijin ya tashi kwatsam lodi bai canja ba, tiyon na'urar ya huje.

6. Shirya alƙaluman

Layi ɗaya ga kowane awo. Ban da lambobin, sa gidan rana, gidan zama, gidan filta sabuwa ko tsohuwa, da gidan tankar da ta kawo man. Daidaita agogon wayarka da na allon janareto tun farko. Ajiye asalin fayil ɗin a wuri biyu, kada ka gyara komai a cikinsa, yi gyara a kwafi.

Kafin ka taɓa koyon na'ura, zana hoto: kilo a awa a tsaye, kilowat a kwance. Ya kamata ɗigon su jeru kusan a miƙe. Wanda ya yi tsalle daga layin, kada ka yi saurin goge shi. Ruwa ba ya tsami banza. Koma littafinka ka ga me ya faru a wannan mintin. In ka sami dalili, cire shi ka rubuta dalilin. In ba ka samu ba, sake awon.

Wannan miƙewar tana da amfani na biyu. Horar da samfurin a kan kilo a awa, ba giram a kilowat ba. Na biyun yana harbawa sama a ƙaramin lodi, yana wahalar da samfuri a banza. Daga baya sai ka raba da kilowat ka samo shi.

7. Horarwa da jarrabawa

Ware kwana ɗaya cikakke ka ɓoye shi, samfurin kada ya gan shi sai ƙarshe. Sauran kuma in za ka jarraba, raba su zama-zama da GroupKFold, ba layi-layi ba. In ka gauraya layukan ka raba su barkatai, awo biyu da aka ɗauka a zama ɗaya za su faɗa ɗaya a darasi ɗaya a jarrabawa. Ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya ke nan: zai ci maki, amma haddar aku ya yi.

Fara da mafi sauƙi, miƙaƙƙen layi ko mai ɗan lanƙwasa, da LinearRegression. Shi ne ma'aunin da sauran za su doke. A shan mai sau da yawa da ƙyar ake doke shi, kuma ba abin kunya ba ne ka tsaya a kansa. A NOx da hayaƙi ne dabarun koyon na'ura suke nuna kansu, domin a can lodi da zafi da laima suna cakuɗa da juna.

Ga alƙaluma 'yan kaɗan irin namu, GaussianProcessRegressor na fi so. Dalilina ɗaya ne: tare da hasashen yana gaya maka yadda yake shakka, kuma shakkar tana faɗaɗa in ka nisanci inda ka auna. RandomForestRegressor da XGBoost, masu gina tarin bishiyoyin tambaya, suna da juriya kuma ba sa son dogon saiti, sun dace in kana da dubban layuka daga allo. Ragar jijiyoyi, MLPRegressor, ita ce kowa yake ɗoki, amma a layi 81 ta fi kowa saurin hadda. Ita da Gaussian duka suna buƙatar a daidaita girman lambobin da StandardScaler, kuma a sa shi cikin Pipeline don kada ya leƙa alƙaluman jarrabawa.

Kada lambar R², makin da yake nuna yadda hasashe ya bi awo, wanda 1 ne ƙarshensa, ta ruɗe ka. Tunda lodi ne yake jan kusan komai, ko samfuri maras kyau zai ba ka 0.9 da wani abu. Duba matsakaicin kuskure a ma'aunin gaske: kilo nawa a awa ya kauce, NOx nawa ya kauce. Sannan ka ɗauko awon kashi 50 ɗin nan da ka riƙa maimaitawa. In kuskuren samfurin ya yi kusa da bambancin da yake tsakaninsu, ka kai iyaka, ƙarin dabara ba zai ƙara komai ba. In ya fi shi ƙanƙanta sosai, kada ka yi murna, wani wuri amsa ta zurara.

8. Yi masa tambayar makanike

Riƙe komai wuri ɗaya, ka juya abu ɗaya, ka ga inda hasashen ya nufa. PartialDependenceDisplay yana zana wannan. Laima ta ƙaru, NOx ya kamata ya sauka. An gabatar da taimin, NOx ya hau, hayaƙi ya ragu. Filta ta toshe, hayaƙi da zafin salansa su hau. In samfurin ya ce akasin haka, shi ne ya yi kuskure, ko da makinsa ya kai nawa.

Kuma ka san iyakar gonarsa. Na taɓa gina samfuri mai kyau a Jidda, aka kai irin wannan injin wani aiki a Ɗa'ifa, na ba da alƙaluma da ƙarfin gwiwa. Hayaƙin da aka gani a can ya fi wanda na faɗa nesa ba kusa ba. Ɗa'ifa tana sama da mita 1,800, matsin iskarta ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gidan matsin iska yana cikin fayil ɗina, amma duk awon a bakin Bahar Maliya aka yi, lambar kusan ba ta motsa ba, samfurin bai koyi komai a kanta ba. Masu bishiyoyi sun fi muni a nan, domin in ka fita daga inda suka sani sai su maimaita maka amsar ƙarshe da suka gani, ba gargaɗi. Maganin shi ne na ɗauki sikelina na hau dutsen na yi awon kwana biyu. Haka samfurin hunturu ba ya aiki a Yuli, na Jidda mai laima ba ya aiki a busasshiyar iskar Riyad. Sa wa shirin naka sharaɗi: duk tambayar da ta fita daga mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da aka auna, ya ƙi amsawa.

9. Neman saitin da ya fi

In abin juyawa biyu ne ko uku, ba ka buƙatar wata dabara. Sa kwamfuta ta gwada duk haɗin da zai yiwu a cikin samfurin, daƙiƙoƙi kaɗan ne. In sun yi yawa, ɗauko NSGA-II daga pymoo. Ko ta wace hanya, ba amsa ɗaya za ka samu ba. Jerin zaɓi ne da ake kira layin Pareto, inda ba ka iya rage NOx sai ka ƙara mai ko hayaƙi. Ciniki ne, kuma mai kaya da dokar wurin su ne suke yanke farashi. Janareton da yake kusa da masaukin mutane ba ɗaya yake da wanda yake tsakiyar sahara ba.

Sa shinge kafin ka saki shirin da yake neman saitin, domin zai bi duk ɓarakar da ya samu. Lodi kada ya daɗe ƙasa da kashi 30, in ba haka ba man da bai ƙone ba zai taru ya riƙa ɗiga baƙi daga salansa. Zafin salansa kada ya wuce iyakar kamfani. A bar sararin da zai ɗauki fizgar mukayyif in suka tashi tare.

Inda na fi samun riba ba a taimin ba ne, a rabon lodi ne. A ce sansanin ma'aikata yana cin kilowat 300, an kunna janareto uku masu kilowat 400 kowanne, kowa yana ɗauke da kashi 25. A ce kuma layinka ya nuna kowane injin yana cin kilo 8 a awa don juya kansa kawai, kafin ya ba da wuta. Kashe ɗaya ya tsirar da wannan kilo 8, kusan lita 230 a yini, sama da riyal 380 a farashin 2025, kuma kowace lita da ba a ƙona ba ta hana fitar kimanin kilo 2.6 na CO2. Sauran biyun sun haura kashi 30, sun fita daga haɗari. In injinan ba sa'o'in juna ba ne, wani tsoho wani sabo, gina wa kowanne samfurinsa, shi zai gaya maka wa za a kashe da wane lokaci.

Taimin kuwa, in za ka taɓa, digiri ɗaya-ɗaya, cikin iyakar littafin kamfani, da ƙwararren mai fanfo a gefenka, kuma ka yi alama a inda yake kafin ka motsa. Injin mai kwamfuta da yake cikin garanti kada ka shiga ƙwaƙwalwarsa. Akwai masu toshe bawul ɗin EGR mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, ko su cire matatar kunkunniya, ko su kashe tsarin AdBlue, ruwan da ake fesawa a salansa don rage NOx, su ce sun gyara shan mai. Ba na yi, ba na kuma ba da shawara. Tun Fabrairun 2024 aka shigo da dizal mai matakin Euro 5 kasuwar nan, mai ƙarancin farar wuta, wanda waɗannan na'urori suke buƙata don su yi aiki. Hayaƙin da aka saki kuma mai gadi da yake kwana kusa da injin ne zai fara shaƙa.

10. Koma bayan injin

Zaɓi saiti uku daga layin Pareto, ka rubuta hasashen kowanne a takarda kafin ka kunna, don kada zuciya ta gyara maka shi daga baya. Auna tsohon saiti, auna sabo, ka sake komawa tsohon, duk a zama ɗaya da mai ɗaya. In awon farko da na uku ba su yi daidai ba, na tsakiyar ba shi da shaida, sake. In ribar da ka gani ba ta fi bambancin awon kashi 50 ba, kada ka rubuta ta a rahoto.

Duk abin da ka auna a wannan matakin, ya dace da hasashe ko ya saɓa, zuba shi cikin fayil ka sake horarwa. Inda Gaussian ya nuna shakka mafi faɗi, can za ka kai sikeli a zagaye na gaba. Bayan an canja nozul ko turbo, ko an buɗe injin, ko an sauya mai kawo dizal, maimaita lodi biyar ɗin D2 ka gwada da samfurin kafin ka sake ba kowa lamba daga cikinsa.